Makirufon da Na Sa Miki a Jaka

Rijiyar Lemo, Fagge, Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga Yayar Sadiya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kaduna lafiya. Allah ya tsare ki a masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikin da za ki fara, ya raba ki da sharrin mai sharri. Zan sa ƙanwarki Sadiya ta tura takardar can ƙasan jakarki, ƙarƙashin zannuwan gado, tare da wani ɗan ƙunshi, don kada ki gan su sai kin isa. Kin san halina. Da a gabana za ki karanta, da ban rubuta ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Maganar hannunki ce.

Kada ki kira Sadiya ki yi mata faɗa, ba ita ta fara gaya min ba. Ni na gani da idona tun azumin bara. Kin daina matse wanki, sai ki ninka ki danna da gwiwar hannu. Kofin shayi da hannu biyu kike ɗauka. Da safe sai kin tsoma yatsunki a ruwan ɗumi kafin ki iya ɗaura ɗankwali. Duk na riga ki yin waɗannan, shi ya sa na gane. Da na tsare Sadiya ne ta ƙarasa min sauran. Wai kin ce ba wanda za ki gaya wa a ofis, za ki yi ta danna kibod kina rubuta musu rahotanni, ranar da hannu ya ƙi sai ki ajiye aikin ki dawo gida. Wai da ta tuna miki manhajar da nake aiki da ita, wadda ake yi wa magana ta rubuta, kika ce ke ba za ki zauna a tsakiyar mutane kina surutu ke kaɗai kamar mai taɓin hankali ba. To sannu, mai hankali. Ashe duk shekarun nan kallon da kike yi min ke nan.

Wasa nake yi, ban ji haushi ba. Tsoro na ji. Na ga wahalar da kika sha kafin ki samu aikin nan, kuma hanyar da kika ɗauko na san ta, don ni na bi ta kusan har ƙarshe. Can ƙarshenta ba aiki, ba hannu. Shi ya sa zan gaya miki wuraren da na yi tuntuɓe, ke ki tsallake.

A wurin Inna kakarki kika yi ƙuruciya, tun da ta ɗauke ki yaye ba ta dawo da ke ba sai da kika isa sakandare. Don haka ba ki san ni sosai ba lokacin da hannuna yake hannu. A tafireta na koya, a wani ofishi kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma ban taɓa kallon yatsuna ina bugu ba. Da kwamfuta ta zo na koma kanta, na kama shagon buga takardu a Sabon Gari, ɗalibai suka riƙa kawo min furojek ɗinsu tun daga nesa saboda sauri. Ina ji da wannan saurin, ba zan ɓoye miki ba. Da ciwon gaɓoɓi ya fara, sunan da na yi na tsaya karewa, na bar hannun. In shafa man zafi, in ɗaure da bandeji, in ja hijabi in rufe. Aiki in ya yi jinkiri in ce wuta ce ba a kawo ba. Babanku ya yi magana har ya gaji a kan in je asibiti, ina cewa sanyi ne, zai wuce. Ranar da na je, likita ya juya hannuna ya duba, ya tambaye ni ina nake tun tuni. Yatsun da suka riga suka karkace ba su miƙe ba har yau, kina ganinsu.

Don haka kafin komai, ki nemi asibiti a makon da kika isa, kada ki ce sai kin saba da gari. Kuma ki fara aiki da murya yanzu, tun hannun yana iya kawo miki ɗauki. Farkon koyo, akwai inda kwamfutar za ta maƙale ta ƙi gaba ta ƙi baya, sai an kai mata hannu. Ni sai da hannu ya tafi na fara, na haɗa ciwo da koyo da haushi a lokaci guda, kuma a gaban masu jiran takardunsu.

Abin dariya, ke kika sa min manhajar. Kina jami'a lokacin, kika zo hutu kika tarar da ni ina danna harafi ɗaya-ɗaya da gefen yatsa. Washegari kika zo shagon da makirufo irin mai maƙalawa a kunne. Kina yi min bayani, ni kuma ina kallon Sadiya ina ba ta amsa kamar yadda na saba, ina cewa ta gaya wa yayarta ni ba zan iya wannan abin ba. Kika ce, "Umma, magana kawai za ki yi, kamar yadda kike yi wa mutane." Maganarki ce wannan, ban ƙara mata komai ba, ajiye miki ita na yi. Sai dai sa manhaja daban, wuni da ita kullum daban, kuma na biyun nan ni na san shi, ke ba ki sani ba.

Kunya ce ta fara kayar da ni. Kin san shagon, benci a bakin ƙofa, maza a zaune suna jiran fotokwafi. Ni da na taso ana ce min mace ba ta ɗaga murya a gaban maza, yaya zan yi? Sai na tura makirufon cikin hijabi ina yi masa raɗa. Yadi yana gogarsa, numfashina yana hura shi, kwamfuta ta yi ta zuba shirme. Na ce ai ga shi nan, Turancin Bahaushiya ne ba ta ji. Da haushi ya kama ni sai na koma ɗaga murya ina yanka mata kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai magana da kurma. Nan ma ba ta gane ba. Sai da Maman Obinna, maƙwabciyata mai sayar da takarda da tawada, ta leƙo ta riƙe ƙugu tana kallona. Ta ce, "Maman Sadiya, ke da in kina ba ni labari ko numfashi ba kya tsayawa yi? In muna hira ba kya raɗa, ba kya ihu. Da wannan muryar za ki yi mata." Na harare ta, amma gaskiya ta faɗa.

Muryar hira take so. Ki fara jimla ki kai ta ƙarshe, don daga abin da ya gabata take gane abin da zai biyo. Ki fito da makirufon fili, ki ajiye shi a gefen baki, ba a gaban hanci ba. Ki kuma duba inda za ki zauna. Ni na daɗe ina zagin kwamfutar nan, ashe janaretan mai walda da ke bayan shago da fankar da ke saman kaina ne suke shiga tsakaninmu. Da na ja tebur na koma lungu, na juya wa ƙofa baya, sai ga ta tana ji. Na so in ba ta haƙuri.

Kada ki fara da aikin da ake jira. Ni da furojek ɗin wata ɗaliba na fara, tana tsaye a kaina tana duba agogo tana tsaki ƙasa-ƙasa, na yi gumi har ya jiƙa hijabi. Ki fara a ɗakinki, da abin da ba wanda zai gani. Ki ba ta labarin yadda ake miyar kuka, ki karanta mata jarida. Ki koyi yadda ake ce mata ta buɗe, ta rufe, ta goge, ta koma baya, ta sauka sabon layi, har sai bakinki ya riƙe su ba sai kin yi tunani ba. Da Turanci nake ba ta irin wannan umarnin, kuma Turancin ta fi ji. Hausa tana ƙoƙari, amma tana yawan tuntuɓe, musamman a haruffanmu masu lanƙwasa. Wannan takardar ma ina faɗa ne ina komawa baya ina gyara. In ta yi kuskure ki daure ki gyara da baki, kada ki kai hannu don kin ga ya fi sauri. Ki bar hannu sai inda abin ya gagara. Sunan da ba ta sani ba kuwa, na mutum ne ko na unguwa, ki koya mata shi, za ta riƙe.

Za ki ji kin koma baya, ina gaya miki tun yanzu don kada ya zo miki a ba-zata. Ni wannan ne ya fi ci min rai. Da can ido ya gani hannu ya tafi, ba ruwana da tunani. Sai ga shi dole in san abin da zan faɗa kafin in buɗe baki, in kuwa na ce "am" ko "yauwa" ita ma ta nemi abin da za ta rubuta. Aikin da nake gamawa kafin azahar ya koma kai ni la'asar. Wata rana na kulle shagon da rana tsaka na zauna a ciki na yi kuka, na ce shi ke nan, na zama tsohuwar da ake lallaɓawa. Ban san ranar da abin ya sauya ba. Na dai lura wata rana na gama shafi ban tsaya ba, kuma hannuna yana kwance a cinyata ba ya zogi. Ke da aikinki rubuta rahoto ne daga kanki, ina ganin za ki riga ni sabawa, don tun kina ƙarama ba kya magana sai kin auna.

Aya da waƙafi ma da baki nake faɗa mata, har abin ya bi min jiki. Ran nan na gama yi wa Babanku bayani a kan gyaran rufin kicin, ban sani ba na ce "aya". Ya ce alhamdu lillahi, yau dai an ga inda maganata take ƙarewa. Ki kuma koyi sa ta barci kafin ki juya ki yi magana da mutum. Ni na manta sau ɗaya, hirar ciwon gwiwar Maman Obinna ta shige tsakiyar babi na biyu na wani ɗalibi. Allah ya rufa asiri na gani kafin a buga.

Akwai wanda ban gani da wuri ba, kuma har yau yana damuna. Wani bawan Allah mai gyaran firij ya kawo min takarda da ya rubuta da biro, ya ce in buga masa. Lokacin na saba, har ina jin daɗin muryata. Ban tsaya na karanta ba, na ɗauka na hau faɗa wa kwamfuta. Ashe takardar barin aiki ce yake rubuta wa maigidansa, mutumin da ya koya masa sana'ar. Niyyarsa ya je har gida ya gaishe shi, ya yi masa godiya, sannan ya miƙa masa cikin mutunci. A kan bencin nan kuwa akwai wanda ya san su duka biyun. Kafin mutumin ya isa, magana ta riga shi. Maigidan ya ji a bakin mutane, ya ce an raina shi, suka yi rabuwar baram-baram. Mutumin bai zage ni ba, ya dai daina bi ta ƙofar shagona. Hannuna ya buga sirrin mutane iri-iri ba wanda ya ji, ban yi tunanin cewa baki ba haka yake ba.

Saboda haka ki karanta kafin ki faɗa, ki kuma duba wa ke kusa. A ofis akwai takardun da ba kowa ya kamata ya ji ba. Dole shugabanki ya san da murya kike aiki, don ya ba ki lungu ko ɗan ɗaki mai ƙofa. Kin ga ke nan ɓoyewar da kika shirya ba za ta yiwu ba. Ko dai ki faɗa ki yi aikinki, ko ki yi shiru ki ƙarasa hannun.

Makogwaro ma ki tausaya masa. Da na ga abin ya karɓe ni sai na zarme, in wuni ina magana ba ruwa ba hutu, har muryata ta dishe. Na yi kwanaki ba hannu ba murya, Maman Obinna tana yi min tafinta da kwastomomi tana dariya. Ki ajiye ruwan ɗumi kusa da ke, ki riƙa kurɓa. In kin ji ya fara ƙaiƙayi ki tashi ki ɗan taka, aikin ba gudu zai yi ba.

Saura abu guda, kuma shi nake ta kewayawa tun farkon takardar nan.

Kin san ban taɓa kiran sunanki ba. Ke ce 'yar fari. Haka na ga Inna ta yi da babban yayanmu, haka ita ma ta gani a wurin tata uwar. Yarinyar nan nake cewa, da aka haifi Sadiya na samu sauƙi, kika zama Yayar Sadiya. A Sabon Gari kuwa ba haka abin yake ba, su da sunan ɗan fari ake kiran mace, tana amsawa tana jin daɗi. Da na kama shagon, da sunanki Maman Obinna ta fara kirana, ni kuma in yi kamar ban ji ba, har ta ɗauka girman kai ne. Da na yi mata bayani sai ta riƙe haɓa, ta tambaye ni to ita yarinyar ta yaya za ta san ana son ta. Na ce ta sani mana. Daga ranar ta koma ce min Maman Sadiya.

Hannuna kuwa bai san wannan kunyar ba. Shi ya buga sunanki a takardar shiga makaranta, shi ya rubuta shi a bayan littattafanki da murfin akwatinki na makarantar kwana. In buga in zauna ina kallonsa, ba wanda ya sani. Da aiki ya koma baki, sai wannan 'yar hanyar ma ta toshe. Sunanki ba baƙon suna ba ne, yana zuwa a takardun mutane, amarya a katin biki, ɗaliba a bangon furojek. Duk sanda na iso kansa sai in tsaya, in cire makirufo, in danna shi harafi-harafi da karkataccen yatsana ina cije leɓe. Shekaru ina haka. Kwamfutar nan na koya mata sunayen Ibo da na Yarbawa, na koya mata sunayen lungunan Fagge, amma ba ta taɓa jin naki daga bakina ba.

Ban raina abin da aka koya min ba, iyayenmu ba don ƙi suke yi ba. Amma na zauna na duba abin da ya jawo mana ni da ke. Tun bara nake kallon hannunki yana bin sawun nawa, ban iya kiranki ɗaki na ce zauna mu yi magana ba. Sai da na bi ta kan Sadiya. Kuma na gane a wurina kika koyi cewa abin da ya fi nauyi a zuciya shi ne ba a faɗa. Ciwona na ɓoye kina gani, sonki na ɓoye kina gani, to me zai hana ki ɓoye naki? Da wane baki zan ce ki shiga ofishin shugabanki ki ce masa hannunki yana ciwo, da murya za ki yi aiki, ni kuwa kalma ɗaya ta gagare ni tun ranar da aka raɗa miki ita?

Yanzu hantsi ne. Kin fita yi wa maƙwabta sallama, ni ina ɗaki, Sadiya tana tsakar gida tana wanke-wanke, taga a buɗe, duk abin da nake faɗa tana ji. Makirufon da ke kunnena shi ne wanda kika kawo min, wayarsa ta sha salatif amma yana ji sarai. In na gama shi za a naɗe miki a ƙunshin nan, ni na nemi wani a Titin Ibrahim Taiwo. Na danne hannuna biyu a ƙarƙashin cinya don kada su yi min shisshigi.

Ranar Litinin, kafin ki zauna a kujerarki, ki je ki faɗa. Kada ki bari sai kin saba da mutane, in an saba kunyar ƙaruwa take yi. Muryarki za ta yi rawa, ba komai. Ga tawa nan tana yi.

Allah ya ba ki lafiya, Hafsatu.

Kwamfutar ta rubuta daidai, ban gyara komai ba. Ƙarar kwanuka ta ɗauke a tsakar gida. Ba zan leƙa ba.

Hafsatu, Allah ya tsare min ke, ya sa albarka a aikinki, ya sassauta miki wannan ciwo, ya sa ki fi ni jin magana. Babanku yana sa miki albarka. In kin je asibitin, kin kuma faɗa musu a ofis, ki kira ki gaya min yadda aka yi. Wayata za ki kira, ba ta Sadiya ba. Ni zan ɗauka.

Wassalamu alaikum.

Ummanki